Juya Shuka a Ƙaramin Lambu da Amfanin Shimfiɗar Ciyawa

Lambu shi ne wurin da ake noman kayan miya ta hanyar ban ruwa, galibi da rani. A ƙasar Hausa akan same shi a fadama ko a bakin rafi, a ƙasashen Turai kuwa sau da yawa a bayan gida yake. Ko ina yake, matsala ɗaya ce ke damun mai shi. Idan ya riƙa shuka abu guda a wuri guda shekara da shekaru, amfanin yakan ragu, ko da kuwa yana zuba taki. Manoma sukan ce ƙasa ta gaji. Maganin wannan gajiya shi ne juya shuka, wato sauya abin da ake shukawa a kowane fangali daga shekara zuwa shekara.

Dalilai biyu ne ke sa ƙasa ta gaji. Na farko, kowane tsiro yana da irin abincin da ya fi ja daga ƙasa. Kabeji da alayyafo, alal misali, suna shan sinadarin naitirojin da yawa. Na biyu, cututtuka da ƙwari sukan zauna cikin ƙasa suna jiran abin da suka saba ci. Akwai wata tsutsa ƙarama ƙwarai, wadda ido ba ya gani, da ke shiga saiwar tumatir ta sa ta kumbura ƙulu-ƙulu. Ganye sai ya yi yaushi da rana tsaka ko da an ba shi ruwa. In an sake dasa tumatir a nan, an ƙara wa tsutsar abinci ke nan.

Kafin mutum ya juya shuka, wajibi ne ya san dangin tsirrai, domin 'yan gida ɗaya cutarsu ɗaya. Tumatir da tattasai da attaruhu da gauta da dankalin Turawa duk dangi ne. Wanda ya cire tumatir ya dasa tattasai bai juya kome ba. Albasa da tafarnuwa gidansu ɗaya. Haka kabewa da kankana da gurji, haka kuma kuɓewa da rama da yakuwa. Wake da gyaɗa suna da wata baiwa ta daban: a saiwarsu akwai ƙwayoyin halitta masu kamo naitirojin daga iska, saboda haka ba su cika tatsar ƙasa ba, kuma in an binne ganyensu sai ya zama taki.

Mai ƙaramin lambu yana iya raba filinsa gida huɗu. A fangali na farko ya dasa dangin tumatir, na biyu albasa da karas, na uku wake, na huɗu kabeji da sauran ganye. Baɗi sai kowane rukuni ya matsa gaba, ta yadda ganye zai gaji wurin wake, tumatir kuwa ba zai komo mazauninsa ba sai a shekara ta biyar. Kada kuɓewa ta bi bayan tumatir, don tsutsar nan tana son ta ita ma. Yana da kyau a rubuta tsarin a takarda, saboda mantuwa.

Sai dai juya shuka ba ya maganin kowace annoba. A shekarar 2016 wani ƙwaro mai suna Tuta absoluta ya cinye gonakin tumatir a jihohin Kano da Kaduna, har farashinsa ya yi tashin gwauron zabo. Irin wannan ƙwaro tashi yake yi, sauya fangali ba ya hana shi zuwa. Ban da haka, a ƙaramin wuri ruwan ban ruwa da bakin fartanya sukan kwashi cuta daga wannan fangali zuwa wancan, don haka tsabtar kayan aiki tana da muhimmanci.

To, ina matsayin ciyawa a cikin wannan tsari? Bahaushe ya saba share tsakar gida fes, don ciyawa a wurinsa maɓoyar maciji da sauro ce. A Ingila kuwa, shimfiɗar koriyar ciyawa a harabar gida alama ce ta wadata tun ƙarni na 18, lokacin da sai mai ma'aikata da yawa ke iya yanke ta da lauje. Bayan da Edwin Budding ya ƙera injin yankan ciyawa a 1830, sannu a hankali al'adar ta yaɗu zuwa gidajen talakawa, ta ƙetara har Amurka.

Amfanin wannan shimfiɗa ya wuce ado. Saiwoyinta suna riƙe ƙasa don kada ruwa ko iska su zaizaye ta. Tana rage ƙura, tana sanyaya wuri fiye da daɓen siminti, tana barin ruwan sama ya nutse maimakon ya malale, yara kuma su sami wurin wasa. Ciyawar da aka yanke tana zama taki, ko a rufe gindin shuka da ita don a tsare laima, muddin ba a fesa mata maganin kashe ciyawa ba. Bugu da ƙari, filin da ya yi shekaru ƙarƙashin ciyawa ƙasarsa takan yi laushi da ƙarfi. Manoman Norfolk na Ingila sun san haka: a tsarinsu na shekara huɗu, bayan alkama da wani tsiro mai saiwa da sha'ir, sai su bar shekara guda ga ciyawar dabbobi. Manomin Hausa ma ya san hikimar, shi ya sa yakan bar gona ta zama saura.

Amma ciyawa tana da tsada, kuma tsadarta ruwa ne. Lokacin zafi, kowace murabba'in mita tana buƙatar kimanin lita 25 a mako. Ke nan fili mai murabba'in mita 100 zai sha lita 2,500. A Ingila sama ce ke ɗaukar mafi yawan wannan nauyi, amma a Kano ko Yamai ko Jidda daga rijiya ko famfo zai fito. Ko a Amurka, jihar Nevada ta kafa doka a 2021 don kawar da ciyawar ado daga bakin tituna da harabar ma'aikatu a yankin Las Vegas, saboda ƙarancin ruwan kogin Colorado.

Saboda haka, mai ƙaramin fili ya duba ruwan da yake da shi kafin ya yanke shawara. Inda ruwa ya wadata, ya ware wa ciyawa wani ɓangare, bayan 'yan shekaru ya kafce shi ya mai da shi fangali, ya kuma shuka ciyawa a fangalin da ya gaji. Inda ruwa ya yi ƙaranci, wake da inuwar bishiya za su yi masa mafi yawan aikin da ciyawa za ta yi.