Idan PS2 ta ƙi tashi: abin da ya kamata ku sani

A Malanville, kamar a Gaya da ke tsallaken gadar kogin Neja, mai gidan gem da ke riƙe da PS2 yana lallaɓa na'urar da Sony ta fitar tun shekarar 2000. Yawanci ba da faifai ake wasan ba. Ana saka manhajar Free McBoot a katin memori, ita kuma ta buɗe Open PS2 Loader, wato OPL, mai ɗauko wasanni daga filashi. Masu sha'awa ne suka rubuta su, Sony ba ta da hannu a ciki. To idan abu ya cije, allon talabijin ne zai nuna muku inda matsalar take.

Jan allo mai neman a saka faifan PlayStation yana nufin na'urar ba ta gane faifan da ke cikinta ba, ko dai ya karce ko ƙurar hunturu ta rufe idon da ke karanta shi. Filashi ba shi da laifi a nan.

In kuwa OPL ta buɗe amma jerin wasanni wayam, ko wasa ya fara lodi ya tsaya a baƙin allo ko wani launi guda, ku tuhumi filashin. Tsofaffin nau'o'in OPL tsarin FAT32 kaɗai suke karantawa, shi kuma ba ya ɗaukar fayil da ya wuce 4GB, sai an yanka wasan gida-gida da USBUtil a kwamfuta. Yawan gogewa da sake zubawa ma kan warwatsa fayil a cikin filashi. Maganinsa a kwashe komai, a yi fomat, a mayar da wasannin ɗaya bayan ɗaya. Sarƙewar bidiyo a farkon wasa ba lalacewa ba ce, ramin USB 1.1 na PS2 ne ke da nawa.

Hoto fari da baƙi kuwa saɓanin PAL da NTSC ne tsakanin wasan da talabijin.

Wani abin da ke cin kuɗin mutane a banza shi ne sayen siririyar PS2 ta ƙarshe, samfurin SCPH-90000, domin da yawa daga cikinsu ba sa tayar da Free McBoot ko kaɗan. Ku duba lambar da ke jikin na'ura kafin ku biya. Kuma kafin ku bar mai gyara ya kwance ta, ku gwada filashinku da katinku a wata PS2 mai lafiya.