Manhajar Tushe da Haɗarin Sabunta Ta da Garaje

Ran 26 ga Afrilu, 1999, dubban kwamfutoci a ƙasashen Asiya suka ƙi tashi. A danna makunni, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Sanadin kuwa wata ƙwayar cutar kwamfuta ce mai suna CIH, wadda wani ɗalibi a Taiwan, Chen Ing-hau, ya rubuta a 1998. Ban da bayanan da ta lalata, a wasu na'urorin har BIOS ta goge.

Shi BIOS misali ne na manhajar tushe, wato ɗan tsarin umarni da masana'anta ke rubutawa cikin wani guntun ƙwaƙwalwa da ke manne a jikin na'ura. Ita ce ke fara farkawa idan an kunna kwamfuta, ta duba sassa, sa'an nan ta miƙa ragama ga Windows. Wayar hannu da firinta duk suna da irinta. Kamfanoni kan fitar da sabon zubi domin toshe kafar da ɓarayi suka gano, don haka ƙin sabuntawa ma ganganci ne.

Sai dai a kula da inda aka ɗebo ta. Wurin da ya dace shi ne shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, kuma lambar samfurin ta yi daidai harafi da harafi, domin zubin wani samfuri, ko da kamarsu ɗaya, yana iya kashe na'ura. Wasu kamfanoni kan buga lambar tantancewa ta SHA-256, mai haruffa da alƙaluma 64. Wanda ya sauko da fayil sai ya lissafa tasa ya gwada. In an taɓa ko ɗigo ɗaya a cikin fayil ɗin, lambar za ta sauya gaba ɗaya.

Ko shafin kamfani ma ba ya rasa tangarɗa. A Maris na 2019 kamfanin Kaspersky ya fallasa cewa a 2018 masu kutse sun raba gurɓatacciyar manhajar sabuntawa ta hanyar ASUS kansa, ɗauke da hatiminsa na gaskiya, suna farautar kwamfutoci kimanin 600.

Saura maganar wuta, wadda a ƙasar Hausa ba ƙarama ba ce. Lokacin sabuntawa ana share tsohon rubutu ne ana zuba sabo. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, na'ura na iya rasa duka biyun. Shi ya sa ba a farawa sai batir ya cika, kwamfutar tebur kuwa sai an jona ta da UPS.