Arahar da Muke Rububi da Wadda Muka Manta

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai Ƙofar Wambai a Kano ta cika maƙil, haka Kasuwar Barci a Kaduna da Katako a Jos. Kowa na neman rigar sanyi da bargo da safar yara. A da, mai albashi kan saci jiki ne ya je layin 'yan gwanjo da magariba don kada idon sani ya gan shi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, wannan kunyar ta kau. Yau malamin makaranta da ma'aikacin banki kafaɗa da kafaɗa suke tsugunawa gaban tuli guda, kuma babu laifi a cikin haka. Abin da ke damuna shi ne yadda muke saye ido rufe, mu sa a jiki babu wanki, alhali ga wani wuri da ya fi gwanjo araha, wato laburaren gwamnati, mun bar wa ƙura.

Yawancin kayan gwanjo daga Amurka da Ingila da Jamus da Kanada da Koriya ta Kudu da Sin suke fitowa. A ƙasashen Turawa, mutum kan kai tufar da ya gaji da ita ga ƙungiyoyin agaji, su sayar da wadda ta sayu a shagunansu, ragowar su sayar wa 'yan kasuwa. Su kuma su tace, su matse cikin dila mai nauyin kilo 45 ko 55, wata ma har 100, su loda a jirgin ruwa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a dokar Najeriya tufafin gwanjo suna cikin kayan da aka haramta shigo da su. Shi ya sa suke sauka a Kwatano ko Lome, su biyo ta bayan fage. Hujjar hanin ita ce kare lafiyar jama'a da masaƙun gida, amma wanda ya san unguwar Kakuri a Kaduna ya san cewa Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta daɗe da rufewa, kuma hanin bai cece ta ba. Mai saye ya riƙe wannan: kayan da suka shigo ta ɓarauniyar hanya babu hukumar da ta duba tsaftarsu. Dubawar ta rage gare ka.

Dila caca ce, mai fasa ta bai san abin da ke ciki ba sai ya yanke waya. A kasuwar Kantamanto ta Akara, wadda gobara ta cinye a farkon Janairun 2025, masu bincike sun ƙiyasta cewa tufa kusan miliyan 15 ke shiga duk mako, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 a bola suke ƙarewa. Ɗan gwanjo dole ya fitar da asarar tarkacen daga jikin masu kyan, don haka kada ka ji haushinsa in ya tsauwala wa lamba ɗaya kuɗi. Amma matan da ke tura jarinsu ga wata a WhatsApp ko TikTok don ta aiko musu da dila "mai kyau zalla" su yi hattara. Wadda ta buɗe gaban kyamara ba lallai ita za ta iso gidanki ba. In za ki fara sana'ar, ki je da wanda ya san kan kasuwar, ki fara da zaɓen kaɗan kafin ki kai ga dila.

Ni dai da safe nake sayen gwanjo, kuma ranar da ake fasa dila. Hasken fitila da duhun rumfa suna ɓoye tabo. Ka ɗaga rigar sama ka kalli rana ta cikinta, nan za ka ga inda zare ya sirance. Ka juya ta baibai, ka duba hammata da wuya da tsakanin cinyar wando, ka ja zif sama da ƙasa. Akwai 'yar takarda a wuya ko a gefen ɗinki da ke faɗin yawan audugar da ke cikin yadin. A zafin watan Afrilu na Sakkwato ko Maraɗi, riga mai roba zalla azaba ce, ko kyauta aka ba ka. Kuma araha na da nata tarkon: na sha ganin mutum ya je neman wando guda ya dawo da ƙunshin kayan da ba zai taɓa sawa ba, don kawai an ce masa "kawo abin da ke hannunka, Alhaji". Sayen nagari dai mayar da kuɗi gida.

Wankin ne babbar magana. Wannan warin da kowa ya san gwanjo da shi alama ce ta daɗewa a matse da magungunan da aka fesa, ba shaidar tsafta ba ce. Ko da an feshe kayan a can, sun kwana a sito, sun sha ƙurar kasuwa, hannaye da dama sun taɓa su, wasu ma sun gwada. Ƙazuwa da makero da kwarkwata da kuɗin cizo duk suna iya bin tufa su shiga gida. Ƙwayar ƙazuwa ba ta wuce kwana biyu zuwa uku a raye in ba ta jikin mutum, amma ta makero na iya yin watanni, kuɗin cizo kuwa yakan daɗe a laɓe cikin ɗinkin bargo ko labule ba tare da ya sha jini ba. Don haka kada ƙunshin gwanjo ya hau gado ko ya shiga cikin kayan gida. A jiƙa shi da ruwa mai zafi sosai da omo na aƙalla minti goma, a wanke, a ɗauraye, a shanya a rana baibai, sannan a bi ɗinkunan da guga mai zafi. Abin da ba ya jure ruwan zafi, a ƙulle shi tam cikin baƙar leda a bar shi a rana na kwanaki. Takalmi a wanke cikinsa, a bari ya bushe ƙayau.

Kada a fesa wa tufa fiya-fiya ko wani maganin ƙwarin gona. Guba ce da fata ke tsotsa, kuma jariri ya fi kowa saurin illatuwa. Kayan jarirai ma a duba maɓallan da suka yi sako-sako, don yaro na iya haɗiyewa. Kamfai da rigar mama kuwa, shawarata a haƙura a sayi sabo ko mai arha ne. Gana ta haramta shigo da gwanjonsu tun 1994. Amma tsoron da wasu ke yi na ɗaukar cutar ƙanjamau daga tufa ba shi da tushe, ba ta nan take yaɗuwa ba. In ƙaiƙayi ya ɓullo a gida, musamman mai tsananta da dare a tsakanin yatsu, a je asibiti, kuma kowa a gidan ake yi wa magani lokaci guda. Haɗe-haɗen man shafawa na kemis, irin masu sa fata haske, suna lafar da makero ne na ɗan lokaci sannan ya dawo ya fi da faɗi.

To ga inda ba a rububi, wato laburare. Kano na da Laburaren Murtala Muhammad, Kaduna da sauran jihohi na da hukumomin laburare, wasu har da rassa a ƙananan hukumomi. Laburaren Ƙasa da aka buɗe a 1964 yana da rassa a jihohi da dama, ko da yake ginin hedikwatarsa a Abuja, da aka ba da kwangilarsa a 2006, ya zama abin misali wajen jan ƙafa. Mai son tarihi ga Arewa House a gidan Sardauna da ke Kaduna, tun 1970. Da kuɗin jama'a aka gina wuraren nan, wato mun riga mun biya. Abin da ake nema yawanci ɗan kuɗin rajista ne da hoto da katin shaida. Uban da ke kukan tsadar littattafan karatu ya taɓa tambayar ko akwai su a can? Aro ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Shekaru da dama matan aure suna hayar littattafan soyayya daga shagon unguwa kafin karatun ya koma waya.

Sa'ad da nake shirin jarrabawa, abin da na fi amfana da shi a laburare ba littafi ba ne, shiru ne. Ɗalibin da ke kwana ɗaki guda da ƙanne biyar, ga rediyon maƙwabta, ga aike, ya san darajar tebur da kujerar da babu mai tashinsa a kai.

Sai dai laburarenmu ma na buƙatar ido irin na mai sayen gwanjo. A wani da na saba shiga, na tarar da littafin da ke koyar da cewa jihohin Najeriya 19 ne, alhali 36 ne tun 1996, da taswirar da har yanzu Tarayyar Sobiyat ke zaune a kanta, ita da ta wargaje a 1991. Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne littafin kiwon lafiya da ke cewa a sha kulorokwin don zazzaɓin cizon sauro, bayan Najeriya ta sauya wannan tsari tun 2005. Kafin ka dogara da littafi, ka buɗe bayan shafin farko ka ga shekarar bugu. Lissafi da nahawu da adabi da tarihi ba sa saurin tsufa. Magani da doka da kwamfuta suna yi. Mai shirin JAMB ko WAEC ko NECO ya tafi da manhajar bana a hannu, domin ana sauya littattafan adabin da ake tambaya a kansu.

Ka kuma tambaya tun farko ko ana ba da aro zuwa gida, don Laburaren Ƙasa na karatu a nan take ne, na jihohi kuma kowanne da ƙa'idarsa. Yawanci a bakin ƙofa ake ajiye jaka, saboda haka waya da kuɗi su zauna a aljihunka. Masu yage shafi su tafi da shi, da masu aro su riƙe, su ne suka sa ma'aikata da yawa suka daina yarda da kowa. In kana son shafi, nemi izini ka ɗauki hotonsa da waya. In kuma littafin da kake nema babu, ka sa ma'aikacin ya rubuta sunansa, ka sa hannu a rajistar shiga duk ranar da ka je, domin da yawan masu zuwa hukumar ke kafa hujja idan ta je neman kuɗi a kasafin shekara.