Auna Faɗin Fuska da Girman Ciki na Haɗaɗɗun Siffofi

Haɗaɗɗiyar siffa ita ce wadda ta ƙunshi siffofi biyu ko fiye a jiki ɗaya. A ganinmu, ɗakin kago ya fi zanen allo dacewa da buɗe wannan darasi, domin katangarsa silinda ce, jinkarsa kuwa mazurari ne da aka kife.

Mu ɗauki kago mai radiyas mita 2.1, wato tazarar da ke tsakanin tsakiyar ɗaki da katanga. Tsayin katanga mita 2 ne, tsayin jinka a tsaye mita 2.8, sannan mu ɗauki π a matsayin 22/7. Girman ciki ba ya ba da wahala, tarawa kawai ake yi. Faɗin da'irar ƙasa murabba'in mita 13.86 ne. Idan aka ninka shi da 2, silinda ta ba da mita kubik 27.72. Mazurari yana ɗaukar sulusin silindar da suka yi daidai a gindi da tsayi, saboda haka jinka ta ba da 12.94. Jimla 40.66 ke nan.

A wajen faɗin fuska ne ɗalibai kan yi tuntuɓe. Ɗalibin da ya haddace ƙa'ida yakan lissafa cikakkiyar silinda da cikakken mazurari, ya tara, ya sami 91.08. Ya shigar da da'ira uku da babu ruwansu da aikin: ta ƙasa, da biyun da ke mahaɗar katanga da jinka, inda babu komai sai iska. Abin da magini zai yaɓe shi ne kewaye, mita 13.2, sau tsayin katanga, wato 26.4. Jinka kuma ba da tsayinta na tsaye ake auna ta ba, sai da gangarenta, wanda ƙa'idar Fitagoras ta nuna mita 3.5 ne, rabin kewaye sau 3.5 ya ba da 23.1. Amsar gaskiya 49.5 ce. Wanda ya sayi shuci da kayan yaɓe bisa lissafin farko ya kusa ninka kuɗinsa a banza.

Don haka muna ba malami shawarar ya sa ɗalibai su shafa alli a kan duk fuskar da hannu ke iya taɓawa a jikin samfurin kwali kafin su rubuta ko da lamba ɗaya. Ya kuma tuna masu cewa jinkar gaske takan zarce katanga saboda ruwan sama, kuma ana ɗebe faɗin ƙofa daga yaɓe.