AR-15: Yadda ƙarfe mara nauyi da sunan kamfani suka kai bindiga gaban Kotun Ƙolin Amurka

Ba'amurken da ya shiga shago neman bindiga samfurin AR-15 yakan fara da tambayoyi uku: nawa ne nauyinta, da wane ƙarfe aka ƙera ta, kuma wane kamfani ne ya buga mata tambari. Tambayoyi ne irin na mai sayen babur ko wayar hannu. Sai dai amsoshinsu ne suka mayar da wannan bindiga ruwan dare a Amurka, yawanta kuma ya zama babbar hujjar masu cewa doka ba ta da hurumin haramta ta.

Wace irin bindiga ce?

AR-15 ta farar hula tana fitar da harsashi ɗaya a duk lokacin da aka ja kunamarta, sannan ta ɗora na gaba da kanta. Nan ta bambanta da 'yan uwanta na soja, M16 da M4, waɗanda ke iya ɓarin wuta da ja ɗaya. Tun 1986 dokar tarayya ta hana sayar wa farar hula sababbin bindigogi masu ɓarin wuta.

Haruffan AR sun samo asali ne daga ArmaLite, wani ƙaramin reshe na kamfanin ƙera jiragen sama na Fairchild da aka kafa a 1954. Injiniyansa Eugene Stoner ya ɗauko kayan aikin jirgi ya zuba a bindiga: gangar jiki ta alminiyam, gindi da mariƙi na roba mai tauri, a zamanin da sauran bindigogi ke ɗauke da baƙin ƙarfe da katako. M14 da sojojin Amurka ke riƙewa a lokacin ta haura kilo 4 ko babu harsashi a ciki, yayin da AR-15 ta farko ba ta kai kilo 3 ba.

A 1959 ArmaLite ya sayar wa kamfanin Colt haƙƙin ƙirar. Sojoji suka karɓe ta da sunan M16, Colt kuma ya fara sayar da ta farar hula a 1964. Da wa'adin haƙƙin mallakar ƙirar ya cika a 1977, sai ƙofa ta buɗe wa kowane kamfani.

Darasin Biyetnam

Damuwar masu saye game da inganci tana da tarihi. A yaƙin Biyetnam, tsakanin 1966 da 1967, M16 ta riƙa cijewa a hannun sojoji ana tsaka da musayar wuta, aka kuma yi asarar rayuka a dalilin haka. Kwamitin majalisar wakilai ƙarƙashin Richard Ichord ya yi bincike ya fitar da rahoto a watan Oktoban 1967. An gano cewa an sauya nau'in albarushin da aka tsara bindigar da shi, an raba ta ba tare da isassun kayan gogewa ba, ramin da harsashi ke zama kuma ba a shafe shi da kurom ba, don haka danshin daji ya sa shi tsatsa. Bayan an gyara waɗannan kurakurai bindigar ta daidaita. Abin da masu saye suka riƙe daga wannan tarihi shi ne, bindigogi biyu na iya zama ƙira ɗaya amma kayan da aka zuba musu su raba su.

Abin da masu saye ke dubawa

Na farko shi ne gangar jiki. Wadda aka fi daraja ana yin ta da alminiyam mai lamba 7075-T6, wanda aka gauraya da tutiya, irin da ake amfani da shi a jiragen sama. Akwai mai lamba 6061, wanda ya fi araha da sauƙin sarrafawa amma bai kai na farkon ƙarfi ba. Wasu kamfanonin na yin gangar jikin da roba zalla domin rage nauyi da farashi, sai dai masu amfani da yawa na ɗari-ɗari da ita saboda fargabar tsagewa a wuraren da ke shan jijjiga.

Na biyu shi ne bututu da ƙarfen da ke kulle harsashi a bayansa, domin su ne ke ɗaukar zafi da matsin fashewar albarushi. A nan dole a koma ga ƙarfe. Ma'aunin soja na neman bututun ƙarfe mai lamba 4150 da aka shafe cikinsa da kurom, yayin da masu araha kan yi amfani da 4140. Manyan kamfanoni na gwada kowane makulli da harsashi mai matsi fiye da ƙima, sannan su bincika shi da maganaɗisu ko ya yi tsaga. Ƙananan kamfanoni sukan gwada kaɗan daga cikin tarin da suka ƙera.

Sauƙin nauyi ma yana da nasa farashin. Siririn bututu ya fi daɗin ɗauka, amma yana saurin zafi, saiti kuma ya fara kaucewa. Shi ya sa akasarin waɗanda ake sayarwa ke tsayawa a wajen kilo 3.

Na uku shi ne suna. Colt da FN na tinƙaho da cewa sun daɗe suna ƙera wa sojojin Amurka. Daniel Defense na jihar Georgia na cikin masu tsada, inda bindiga ɗaya kan kai kusan dala 2,000. Smith & Wesson, wanda ya shigo kasuwar da M&P15 a 2006, da Ruger, wanda ya fito da AR-556 a 2014, sun kama tsaka-tsaki. A ƙasa kuma akwai waɗanda ba su wuce dala 500 ba. Kusan kowa na tallata hajarsa da cewa ta cika ma'aunin soja, alhali babu wata hukumar gwamnati da ke tantance wannan iƙirari a kan bindigogin farar hula. Mai saye ya dogara ne kawai da mutuncin kamfanin.

Daga shago zuwa majalisa

Siffofin da ake yabawa a shago su ne masu neman a taƙaita bindigar ke nunawa da yatsa. Ba ta da nauyi, ba ta dukan kafaɗa sosai, ba ta cika cijewa ba, gidan harsashinta kuma kan ɗauki 30. Wanda bai taɓa samun horo ba na iya sarrafa ta.

A ranar 14 ga Disamban 2012 an kashe yara 20 da manya 6 a makarantar Sandy Hook ta jihar Connecticut da bindigar Bushmaster. A watan Fabrairun 2018 an kashe mutum 17 a Parkland ta jihar Florida da M&P15. A ranar 24 ga Mayun 2022, wani matashi ɗan shekara 18 ya kashe yara 19 da malamai 2 a Uvalde ta jihar Texas da bindigar Daniel Defense da ya saya bisa doka.

Masu kare bindigar na kafa hujja da alƙaluman hukumar FBI, waɗanda ke nuna cewa ƙananan bindigogin hannu ne aka fi kashe mutane da su a Amurka, dogayen bindigogi kuma kasonsu kaɗan ne. Sun ce miliyoyin masu AR-15 na amfani da ita ne wajen harbin nishaɗi, farauta da tsaron gida.

Sunan kamfani ma ya shiga kotu. Dokar da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a 2005 ta kare masu ƙera bindigogi daga yawancin ƙararraki kan laifin da wani ya aikata da hajarsu. Iyalan Sandy Hook sai suka bi ta wata hanya: suka kai ƙarar Remington, mamallakin Bushmaster, kan salon tallarsa da ke danganta bindigar da jarumtar namiji. A watan Fabrairun 2022 aka sasanta a kan dala miliyan 73. A watan Yulin wannan shekarar, wani kwamitin majalisar wakilai ya ce kamfanoni biyar sun samu sama da dala biliyan 1 cikin shekara goma daga sayar da irin waɗannan bindigogi.

Shi kansa alminiyam ya jawo shari'a. A dokar tarayya, ɓangaren ƙasa na gangar jikin ne ake ɗauka a matsayin bindiga, shi ne ke ɗauke da lamba. Saboda ƙarfen na da sauƙin sarrafawa, sai aka fara sayar da waɗanda ba a kammala ba, marasa lamba, ba tare da binciken mai saye ba. Gwamnatin Joe Biden ta sa musu ƙa'ida a 2022, Kotun Ƙoli kuma ta amince da ita a watan Maris na 2025.

Yawa ya zama hujja

Amurka ta taɓa haramta wasu nau'ukan wannan bindiga. Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar a 1994, wa'adinta ya ƙare a watan Satumban 2004, majalisa ba ta sabunta ta ba. Daga nan kasuwa ta buɗe sosai. Wani bincike da jaridar Washington Post ta wallafa a 2023 ya ƙiyasta cewa baligi ɗaya cikin 20, wato kimanin mutum miliyan 16, na da AR-15.

Wannan adadi na da nauyi a gaban alƙali. A shari'ar Heller ta 2008, Kotun Ƙoli ta ce gyara na biyu na kundin tsarin mulki na kare makaman da jama'a suka saba amfani da su ta halastacciyar hanya. Ke nan duk bindigar da aka ƙara sayarwa tana ƙarfafa hujjar masu cewa AR-15 ta shiga wannan rukuni. Masu adawa na cewa hakan ya bar wa kamfanoni da masu talla ikon shata iyakar tsarin mulki: su fara cika gari da haja, sannan su ce ta yi yawan da ba za a hana ta ba.

A yanzu kimanin jihohi goma, ciki har da California, New York da Maryland, na da dokokin haramcin nasu. A watan Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar da ke ƙalubalantar dokar Maryland, amma Mai Shari'a Brett Kavanaugh ya rubuta cewa yana ganin kotun za ta ɗauki batun nan da zango ɗaya ko biyu. Idan ranar ta zo, yawan bindigogin da ke hannun jama'a na cikin abubuwan da alƙalai tara za su auna, kuma adadin na ƙaruwa a kowace shekara.