Kunne Ya Riga Ido Karatu: Yadda Yaro Ke Tara Kalmomi

Gabatarwa

A Unguwar Lalle, cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni ta Jihar Sakkwato, yaro ɗan shekara shida kan shiga aji ɗaya ba tare da ya taɓa riƙe littafi ba. Duk da haka ba hannu rabbana yake zuwa ba. Ya san sunayen hatsi da na dabbobi, ya san tatsuniya, ya iya tambaya da ba da amsa. Masana sun tabbatar cewa wannan taska ta kalmomin da yaro ya tara da kunnensa ita ce harsashin da ake ɗora karatu a kai. Idan harsashin ya yi rauni, ginin ba zai tsaya ba komai ƙwazon malami.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa

Ana haihuwar jariri ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na girman ta babban mutum ba, amma kafin ya cika shekara biyar takan kai kusan kashi 90 cikin 100. Yawancin wannan bunƙasa ta hanyoyin sadarwa ce da ke ƙulluwa tsakanin ƙwayoyin jijiya. Hanyar da ake yawan bi takan ƙarfafa, wadda aka yi watsi da ita kuma ta shafe, kamar dai turbar gona da ciyawa ke rufewa idan ƙafa ta daina takawa.

Tun a watanni uku na ƙarshen ciki ɗan tayi ke jin muryar uwarsa. Kafin ya shekara da haihuwa, kunnensa ya riga ya daidaita da sautukan harshen da ake yi masa. A nan ne ɗan Bahaushe ke koyon bambanta "k" da "ƙ", ko "d" da "ɗ", abin da kan gagari baligin da ya koyi Hausa da girma.

Magana da yaro, ba magana a gabansa ba

A shekarar 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington ta Amurka sun yi gwaji da jarirai 'yan wata tara. Wasu an zaunar da su da mai magana da Sinanci ido da ido, wasu kuma an nuna musu maganar a talabijin. Rukunin farko sun kama sautukan baƙon harshen, na biyu ba su kama ba. A 2018 kuma wani bincike a birnin Boston ya nuna cewa yawan musayar magana tsakanin yaro da babba ya fi yawan kalmomin da suka ratsa kunnensa tasiri a kan sashen ƙwaƙwalwa mai kula da harshe.

Ke nan rediyo da wayar hannu ba za su maye gurbin kaka ba. A ƙasar Hausa, inda alkunya kan hana uwa sakewa da ɗan farinta, kakanni da yayye ne ke cike giɓin. Wasan kaka da jika, da kacici-kacici, da tatsuniyar dare, da aiken kasuwa, duk darussa ne na harshe.

Daga kunne zuwa takarda

Magana baiwa ce da kowane yaro mai lafiya ke ɗauka da kansa. Karatu kuwa sai an koya, domin tilas ƙwaƙwalwa ta haɗa siffar baƙi da sautin da ta riga ta sani. Rubutun Hausa yana da sauƙi ta wannan fuska, saboda kusan kowane baƙi sautinsa ɗaya. Makarantar allo ta daɗe da gane amfanin bin mataki-mataki: babbaƙu da farko, sannan farfaru, sannan haɗa su.

Sai dai rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar "gari" tana iya nufin wurin zaman jama'a ko abin da ake tuƙa tuwo da shi. "Fari" yana iya zama launi, ko ƙarancin ruwan sama. Yaron da ya san kalmomin duka shi ne zai zaɓi wadda ta dace da jimlar. Wanda bai sani ba zai furta baƙaƙen daidai, ya wuce bai fahimci komai ba.

Akwai kuma batun karin harshe. Ɗan Gobir yana cewa "biyat" da "tahi" da "ɗiya", littafinsa kuwa yana cewa "biyar" da "tafi" da "'ya". Malami mai hikima ba zai ce yaron ya yi kuskure ba. Zai rubuta siffofin biyu a allo ya nuna masa dangantakarsu.

Abubuwan da ke kawo cikas

Na farko shi ne yunwa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa fiye da rabin yaran Jihar Sakkwato 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Ƙarancin sinadarin ƙarfe da na aidin yana rage kaifin ƙwaƙwalwa. Na biyu shi ne ciwon kunne mai fitar da mugunya, wanda kan dushe ji a daidai lokacin tara kalmomi, har a ɗauki yaro daƙiƙi alhali ji ne ba ya yi. Na uku shi ne rashin tsaro. Tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga sun tarwatsa ƙauyuka da dama a Sabon Birni da Isa, dubban mutane suka tsallaka zuwa Jihar Maraɗi, makarantu da yawa suka zama kufai, dandali ya mutu. Tsoro mai ɗorewa yana sa jiki ya riƙa sakin sinadarin kotisol fiye da kima, abin da ke taɓa sassan ƙwaƙwalwa masu ajiye abin da aka koya.

Amma ɓarnar tana gyaruwa. A shekarun 1980, a birnin Kingston na ƙasar Jamaika, ma'aikatan lafiya sun riƙa ziyartar gidajen yaran da suka tsumbure mako-mako har shekara biyu, suna koya wa iyaye mata yin wasa da hira da su. Bayan shekara 20, abin da waɗannan yara ke samu ya zarce na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin 100.

Kammalawa

A fagen makaranta, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da harshen uwa ba su yi baya ba ko a Turanci. Shirin Mu Karanta, wanda aka gudanar a jihohin Sakkwato da Bauchi bayan 2015, ya bi irin wannan tafarki da Hausa.

Sauran aikin yana gida, kuma ba ya bukatar kuɗi. Ɗalibin sakandare da ya koma hutu yana iya ba ƙanensa labari kowane dare, ya tsaya a tsakiya ya tambaye shi abin da zai biyo baya, ya nuna masa rubutun da ke jikin buhun taki ko kwalin ashana su karanta tare. Malamin aji ɗaya kuma, kafin ya yanke hukunci a kan yaron da ke shiru a bayan aji, ya fara duba kunnensa, ya kuma tambaya ko ya karya kumallo.