KATIN ALEWAR DA YA ADANA SUNAN JIMMY CLAXTON

A birnin San Francisco, can gaɓar yamma ta ƙasar Amurka, an yi wani kamfanin alewa mai suna Collins-McCarthy, wanda daga baya ya koma Collins-Hencke. Tun daga shekarar 1911 har zuwa 1938, duk yaron da ya sayi ƙunshin alewar wannan kamfani da a ke kira Zee-Nut ya kan tarar da ɗan kati a ciki, mai ɗauke da hoton wani ɗan wasan besbol. Katin bai wuce misalin inci 2 a faɗi da inci 4 a tsawo ba. Yara su kan yi musaya da shi, su cusa a aljihu har ya yamutse, in sun gaji su yar. Babu wanda ya yi zaton wata rana dattawa masu tabarau za su zauna suna ƙura wa waɗannan katuna ido, suna tambayar wane ne wannan, kuma a wace shekara aka buga shi.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu ɗan bayyana wa masu karatu ko mene ne besbol, tun da ba wasan ƙasarmu ba ne. Ƙungiyoyi biyu ne ke karawa, kowace da mutum 9. Ɗaya ya jefo ƙwallo da ƙarfi, abokin hamayya ya tare ta da kulki ya buga, sa'an nan ya ruga yana zagaya tashoshi huɗu kafin a dawo da ƙwallon. Mai jifan nan shi ne ƙashin bayan ƙungiya. In ba ta da gwani a wannan aiki, to, ta shiga uku.

A zamanin da mu ke magana, manyan ƙungiyoyin besbol duk suna gabashi da tsakiyar Amurka ne, ba su isa gaɓar yamma ba sai a 1958. Saboda haka mutanen yamma su ke da tasu gasar, watau Pacific Coast League, wadda aka kafa a 1903. 'Yan wasan wannan gasa ne kaɗai kamfanin alewar ya riƙa bugawa, kuma a can yankin a ke sayar da alewar. Abin da ya sa ke nan katunan Zeenut, kamar yadda masu tara su ke kiransu, ba su yi suna irin na katunan kamfanonin taba na gabas ba, ko da ya ke yawansu ya haura 3,000.

To, wahalar da ke cikin sha'anin ita ce, katunan ba su da lamba, kuma bayan mafi yawansu fari ne fat, ba rubutu. Abin da ke gaba kawai shi ne hoto, da sunan mahaifin ɗan wasa, da sunan ƙungiyarsa. Sau da yawa ma mai buga katin ya kan rubuta sunan yadda kunnensa ya jiye masa. Joe DiMaggio, wanda ya yi wa ƙungiyar San Francisco Seals wasa kafin ya koma New York Yankees a 1936 ya zama tauraro, DeMaggio aka rubuta a katinsa; ga shi kuwa wansa Vince yana wasa a gasa ɗaya da shi, sai an lura kafin a rarrabe su.

Sanin shekarar kati ma wani aiki ne. A waɗansu shekaru an buga shekarar a fuskar katin, a waɗansu ba a buga ba. Daga 1913 kamfanin ya riƙa haɗa wani ɗan tikiti a gindin kowane kati, wanda yaro zai yanke ya tara, in sun yi yawa ya kai a ba shi kyauta. A jikin tikitin akwai ranar da zai daina aiki, wadda ita ce shaidar shekara mafi ƙarfi. Amma wane yaro ne zai bar tikitin kyauta a jikin kati? Kusan duka an yanke. Katunan 1933 zuwa 1936 kuwa kamarsu ɗaya, don haka wanda ya rasa tikitinsa, sai dai a bi ta wata hanya. Shi ya sa katin da ya tsira da tikitinsa ya kan ninka ɗan'uwansa tsada.

Hanyar da masu bincike ke bi ba ta da wani asiri, haƙuri kawai ta ke bukata. Su kan duba launin takarda da irin haruffan da aka yi amfani da su, su gwada da katin da aka tabbatar da shekararsa. Su kan duba rigar da ke jikin ɗan wasan, domin ƙungiyoyi su kan sake fasalin riga. Daga nan sai su koma ga tsofaffin jaridu, inda a ke buga sunayen duk waɗanda suka yi wasa a kowace rana, su ga a wace shekara mai wannan suna ya ke cikin wannan ƙungiya. Wanda ya share musu fage shi ne wani ma'aikacin masana'antar kayan lantarki a garin Syracuse, mai suna Jefferson Burdick. Shi ya fara tsara kundin katunan Amurka a 1939, ya ba kowane iri harafi: T ga katunan taba na ƙarni na 20, N ga na ƙarni na 19, E ga na tsofaffin kamfanonin alewa, inda Zeenut ya faɗo. Ya ba gidan adana kayan tarihi na Metropolitan da ke New York abin da ya tara, wajen guda 300,000, ya kuma yi shekaru yana manna su a kundaye da hannunsa duk da ciwon gaɓoɓin da ya lanƙwasa masa yatsu. Ya gama a farkon 1963, ya mutu bayan 'yan makonni.

In aka bi katunan ɗaya bayan ɗaya a kan ci karo da abubuwan mamaki. A cikin na 1919 akwai Fatty Arbuckle, ɗan wasan ban dariya na silima, wanda ba ɗan besbol ba ne, ya dai mallaki ƙungiyar Vernon a shekarar. A cikin na 1922 akwai Jim Thorpe, wanda ya ci lambobin zinariya a wasannin Olamfik na 1912. Amma wanda ya fi su duka labari yana cikin katunan 1916, sunansa Claxton, na ƙungiyar Oakland Oaks. Wanda ya nemi wannan suna a jaridun shekarar zai same shi a wasannin rana ɗaya tak.

An haifi Jimmy Claxton ran 14 ga watan Disamba, 1892, a wani garin haƙar kwal mai suna Wellington, a tsibirin Vancouver na ƙasar Kanada. Ubansa baƙar fata ne daga jihar Virginia, mai aikin haƙar kwal. Uwarsa kuwa Baturiya ce. Yana jariri iyayensa suka ƙaura zuwa Tacoma a jihar Washington, can ya tashi. Bahago ne, kuma gwanin jifa.

Sai dai a lokacin ƙofa a rufe ta ke. An taɓa samun baƙar fata a babbar gasa, kamar Moses Fleetwood Walker da ya yi wa Toledo wasa a 1884, amma daga 1887 aka shiga toshe musu hanya, har ya zamana kafin ƙarshen ƙarnin babu ko ɗaya da ya rage a gasannin Turawa. Manyan gasannin ba su rubuta wannan a dokokinsu ba, masu ƙungiyoyi ne suka haɗa baki. Abin takaici da ban dariya shi ne, ba su hana Indiyawan Amurka ba, watau mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar, irin su Thorpe ɗin nan. Launin fata zai iya zama ɗaya, amma in an ce jinin Afirka ne, shi ke nan.

A 1916 ƙungiyar Oakland tana cikin mummunan hali, ita ce ma ta zo ta ƙarshe a gasar shekarar, tana neman mai jifa ido rufe. Claxton na wasa a wata ƙaramar ƙungiya a garin, sai aka gabatar da shi ga shugabannin Oaks a kan cewa Ba'indiye ne. Suka ɗauke shi. Ran 28 ga watan Mayu ƙungiyar ta yi wasa biyu da Los Angeles a yini guda. Shi ya fara jifa a wasan farko, aka cire shi da wuri, sa'an nan ya sake shigowa a ƙarshen na biyu. Bai taka wata rawar a zo a gani ba, wannan gaskiya ne. Amma mai jifa nawa ne a ke kora saboda yini ɗaya? Kafin mako ya zagayo an sallame shi. Shi kansa, da wata jaridar Tacoma ta yi hira da shi a 1964, ya nuna cewa wani ne da ya ɗauka aboki ya kai gulmar asalinsa. Waɗansu za su ce ai ramin ƙarya ƙurarre ne. Mu dai a ganinmu abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi, kuma laifin yana wuyan waɗanda suka sa mutum ɓoye ubansa kafin ya sami aikin da ya iya.

Ikon Allah, a cikin 'yan kwanakin nan ne mai ɗaukan hoton kamfanin alewa ya zo filin Oakland. Ya ɗauki Claxton kamar yadda ya ɗauki sauran, aka buga katin, aka zuba a ƙunshin alewa, yara suka saya. Da mai hoton ya makara da mako guda, da babu wannan kati. Da haka Claxton ya zama baƙar fata na farko da hotonsa ya fito a katin besbol a Amurka, shekara 31 kafin Jackie Robinson ya shiga ƙungiyar Brooklyn Dodgers a 1947 ya karya shingen.

Mun ce a Amurka, kuma da gangan muka faɗi haka. A tsibirin Kuba, inda baƙaƙen Amurka kan je wasa lokacin hunturu ba tare da tsangwama ba, kamfanonin taba sun riga sun buga hotunan irin su Pete Hill da John Henry Lloyd tun wajen 1909 da 1910. Gwanaye da yawa na gasannin baƙar fata, in ba don katunan Kuba ba, da ba su da kati ko ɗaya na zamanin wasansu.

Korar ba ta sa Claxton ya ajiye ƙwallo ba. Ya yi ta yawo daga ƙaramar ƙungiya zuwa wata, yana haɗawa da aikin dako a tashar jiragen ruwa. A 1932, yana dab da shekara 40, ya yi wasa a gasar baƙar fata tare da ƙungiyoyin Cuban Stars da Washington Pilots, kuma ya ci gaba da jifa har bayan ya haura 50. Ya mutu a Tacoma ran 3 ga watan Maris, 1970.

Katinsa yanzu na cikin waɗanda a ke nema ruwa a jallo, in ya fito gwanjo dubban daloli a ke zubawa, ko da ya ke bai kama ƙafar katin Mickey Mantle na 1952 ba, wanda aka sayar dala miliyan 12.6 a 2022. A 2021 kuma ƙasar haihuwarsa ta tuna da shi, aka sa sunansa cikin zauren girmama gwanayen besbol na Kanada, shekara 51 bayan mutuwarsa.